Gidan Zu Ko Gandun Shaƙatawa: Wanne Ya Dace Da Ƙananan Yara?

Kafin a sayi tikiti, a fara duban ƙaramin cikin yaran. Shi ne zai fara gajiya, kuma da zarar ya gaji, yawon kowa ya ƙare. Iyaye da yawa sukan fara da tambayar ko akwai zaki ko giwa, alhali abin da ya kamata a fara tambaya shi ne tsawon hanya, inuwa, banɗaki da wurin wanke hannu.

Ƙaramin gidan zu ya fi dacewa da ɗan shekara 2 zuwa 4. Dabbobin suna kusa, babu shakka za a gan su, kuma tsakanin keji da keji taku kaɗan ne. Yaro mai waɗannan shekaru awa ɗaya da rabi zuwa biyu ta ishe shi, daga nan sai rigima. Gandun shaƙatawa kuwa ba ya yi wa kowa alkawari. Ana iya shafe awa guda ba a ga komai ba sai tsuntsaye, ƙadangaru da malam-buɗe-littafi. Amma akwai sarari na gudu, babu cunkoso, kuma ɗan shekara 5 zuwa sama da aka ba aikin neman sawun dabba ko sheƙar tsuntsu yakan fi jin daɗinsa a kan tsayuwa gaban keji. Idan gandun aka zaɓa, a nemi hanya mai zagayowa inda aka faro, wadda ba ta wuce kilomita 1 zuwa 2 ba. Hanyar da sai an je an dawo ta kanta tana yaudarar mutane: a tafi da ƙarfi, a dawo da yaro a kafaɗa. Wurin da ya haɗa biyun, a fara da dabbobi tun yaran na da kuzari, a ƙarasa da gandun.

Lokacin zuwa ya fi sunan wurin tasiri. Zaki kan kwanta awa 16 zuwa 20 a yini, kuma da rana ta take yawancin dabbobi sai su shige inuwa, yaro ya tarar da keji kamar babu kowa. A isa daidai lokacin buɗe ƙofa, a kuma tambayi ƙarfe nawa ake ba dabbobi abinci, domin a nan ne ake ganin motsinsu. Zafin rana ya fi tsanani daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma.

Ingancin gidan zu yana bayyana a minti goma na farko. A gaban dabba mai haɗari ya kamata a ga shinge biyu, wato kejin kansa da wani shingen da ya nesanta mutane yadda hannu ba zai kai ba. A duba ko ramukan wayar za su ɗauki yatsan yaro. A duba kuma ko yaro zai iya hango dabbar daga tsayinsa, domin inda katanga ta tare masa gani nan ne iyaye ke ɗaga shi su ɗora a kan shinge, kuma ta haka ne yara ke faɗawa ciki. Kada a ɗora yaro a kan shinge ko da an riƙe shi. Dabbar da ke ta kai da komo a layi ɗaya ba tsayawa, ruwan sha mai gansakuka, keji babu inuwa, duk alamun rashin kulawa ne, kuma wurin da ya yi sakaci da dabbobinsa da wuya ya kula da ƙofofinsa.

Sashen da ake barin yara su taɓa awaki, tumaki da zomaye shi ne ya fi jan hankalinsu, shi ne kuma ya fi buƙatar lura. Dabba mai cikakkiyar lafiya tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su E. coli O157, Salmonella ko Cryptosporidium a gashinta da kashinta, har a jikin shingen da take gogawa. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun fi shiga haɗari, saboda hannunsu ba ya rabuwa da baki, kuma E. coli O157 kan iya taɓa ƙoda. Don haka kada a biya kuɗin wannan sashe sai an ga famfo da sabulu a bakin fita. Wanki na daƙiƙa 20 ake buƙata, babba ya tsaya a kai. Man tsaftace hannu mai sinadarin alkohol kashi 60 cikin 100 yana taimakawa kafin a kai ga ruwa, amma ba ya kashe Cryptosporidium. Bulumboti, abin tsotso, abinci da keken jariri duk a bar su a waje. Kunkuru, ƙadangare, maciji da 'yan tsaki, ɗan ƙasa da shekara 5 ya tsaya ga kallo. Mai juna biyu ta nisanci tumakin da ke haihuwa. Biri kuwa ba abokin wasa ba ne: yana fizgar abin da ke hannun yaro, kuma cizonsa ko yaƙushinsa na buƙatar a wanke da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Batun tikiti lissafi ne mai sauƙi. A raba kuɗin tikitin shekara da na shiga sau ɗaya, a ga zuwa nawa ne zai mayar da kuɗin. Ga mai ƙananan yara da ke kusa da wurin, na shekara yana da wata fa'ida: babu dole sai an zagaye ko'ina a yini guda, ana iya fita bayan awa ɗaya ba tare da jin an yi asara ba. A tambaya ko kuɗin ajiye mota da abincin dabbobi suna ciki, da kuma shekarun da yaro ke fara biya.

Keken jariri mai ƙananan tayoyin roba yana kafewa a yashi da tsakuwa, don daɓe aka yi shi. A hanyar gandu, ko dai mai manyan tayoyin iska, ko abin goyo mai maɗauri a ƙugu, wanda ke sauke nauyi daga kafaɗa. Keken ya fi a gidan zu, tunda yana ɗaukar kaya kuma yaro zai yi barci a ciki. Kada a lulluɓe shi da mayafi don inuwa, zafi yake tarawa.

Sauran kayan ba su da yawa: gorar ruwa ga kowane yaro, hula mai faɗin baki, takalmi rufaffe, kayan canji. Man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ana sake shafa shi bayan awa 2, amma jaririn da bai kai wata 6 ba inuwa da sutura ne kariyarsa. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET kada ya wuce kashi 30 cikin 100, kada a shafa wa ɗan ƙasa da wata 2, kuma ban da tafin hannu. Madubin hangen nesa mai ƙara girman abu sau 6 ko 8 ya wadatar, wanda ya fi haka rawa yake a hannun yaro. A rubuta lambar waya a sa masa a aljihu, a nuna masa irin tufafin ma'aikatan wurin tun a ƙofa. Bayan an dawo daga gandu, a duba bayan kunne, gashin kai, hammata da bayan gwiwa ko kaska ta maƙale. In an same ta, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a miƙe, ban da murɗawa ko ƙonawa.