Faifan Scorpions biyu: wanne za ka saya?

Ɗan'uwa, tsakanin Animal Magnetism da Love at First Sting da ka ce sun raba maka hankali, ɗauki na farkon.

Nawa a wajen wani mai gwanjo na same shi, kwalin ma ya tsage. Na 1980 ne, lokacin Scorpions, ƙungiyar mawaƙan rok, sun kai shekara 15 da kafuwa a Hanoba ta ƙasar Jamus. Kowa "The Zoo" yake nema a ciki, amma ni abin da ya riƙe ni shi ne "Lady Starlight", waƙar da da wuya ka ji wani ya ambata. Rudolf Schenker ne ya tsara kiɗan, Klaus Meine ya rubuta baitocin. Jita ce marar lantarki a hankali, sai su goge da kayan busa suna bi ta baya, shi kuma Klaus ya sauke murya ƙasa-ƙasa, yana tafe cikin daren hunturu yana tuna wadda ya so. Kusan minti 6 take, kuma sai can gaba jitar lantarki ke shigowa, ita ma ba da faɗa ba. Uwargida, wadda duk kiɗan rok a wajenta hayaniya ce, tana cikin tankaɗe ta leƙo ta ce in mayar da ita baya.

Kwalin dai kada ka bar shi a falo, hoton da ke kai ba na idon yara ba ne. Na ɗayan ma haka.

Love at First Sting na 1984, to, akwai "Still Loving You", ba laifi. Amma magiyar wanda aka rabu da shi ce, ƙarshenta kuma ihu da kukan jita. Ga shi kusan duk faifan da aka tara waƙoƙinsu sai ka same ta, don haka nawa ƙura kawai yake sha.

Sannan ka yi hattara da masu cewa "orijina ne daga Turai". Juya faifan ka duba bayansa: in ka ga yana ɗaukar kore ko shuɗi, a kwamfuta aka ƙona shi. Na gaske fari ne kamar azurfa, da ƙananan lambobi kewaye da ramin tsakiya. Kuma a sa maka shi ka ji kafin ka miƙa kuɗi. Wanda ya ce na'urarsa ta lalace, ka ƙara gaba.