Shatar keke yini guda a Zariya: ta cancanci kuɗinta a lokacin hunturu?

Abokai da suka haɗa kuɗi don zuwa Zariya hutun ƙarshen shekara sukan yi lissafin mota da masauki da abinci, sai su manta da abin da ya fi cin aljihu, wato zirga-zirga cikin gari. Zariya ba dunƙulallen gari ba ce. Birni yana cikin ganuwa, Tudun Wada na bakinsa, Sabon Gari na tsallaken Kubanni, Wusasa na gefen hanyar Kaduna, Samaru kuwa tafiyar kusan kilomita 15 ce daga fada. Wanda ya ce zai riƙa hawa yana sauka, kowane zango da kuɗinsa, kafin la'asar zai ga ya kashe abin da bai yi zato ba, ga ɓata lokaci a bakin titi cikin ƙura. Shi ya sa baƙi da yawa suke ɗaukar Keke Napep shata tun safe har magariba. A ganina wannan dabara tana biya, amma ga rabin garin kawai, kuma sai an yi ciniki yadda ya kamata.

Mu fara da keken kansa. Yawancin waɗanda ke yawo a Zariya ƙirar Bajaj ne ko TVS, kujerar baya ta mutum 3 ce. Direba zai ce muku na huɗu ya zauna gefensa. A ɗan gajeren zango babu laifi, amma yini guda da rabin jiki a waje, iskar hunturu na dukan kunne, wahala ce, kuma yana takura wa direba wajen juya kan keke a lungu. In kun kai 4 zuwa 6 ku ɗauki keke biyu, ku nemi direbobin da suka san juna, don kada ɗaya ya ɓace wa ɗaya a shataletalen Babban Dodo. Kafin a yi maganar kuɗi ku duba abu uku: tamfol ɗin gefe yana nan kuma yana sauka, akwai safayar taya mai iska, fitilar gaba tana kamawa. Tamfol ne ya fi muhimmanci. Daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba a Zariya ba wasa ba ne, garin yana kan tudu, kuma keke marar labule da ƙarfe 7 na safe daidai yake da zama a gaban fanka.

Ciniki shi ne inda ake cutuwa, kuma sau da yawa ba don direba mugu ne ba, sai don ba a fayyace magana ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka maimakon ku riƙe wani adadi da wani ya gaya muku bara, ku gina kuɗin daga tushe. Direba yana da balas da zai kai wa mai keke kowace rana in ba nasa ba ne, yana da tikitin ƙungiya, yana da mai, sannan abin da zai kai gida. Ku tambaye shi kai tsaye: "Malam, nawa kake kai balas? In ka yi yini kana aiki, me kake komawa da shi?" Ku haɗa waɗannan biyun, ku ware mai daban. Keke mai lafiya yakan yi kilomita 25 ko fiye da lita ɗaya, kuma zagayen birni da Tudun Wada da Wusasa, har da komawa masauki, da wuya ya wuce kilomita 50. Ke nan lita 3 ta isa, ku sa 4 don kwanciyar hankali, ku je gidan mai tare ku biya da hannunku. Direban da ya san man ba daga aljihunsa yake fita ba ba zai riƙa gunaguni in kun ce a koma Ƙofar Gayan a sake ɗaukar hoto ba.

Sai sharuɗɗa, kuma a faɗe su gaban shaida, zai fi kyau a tashar da yake lodi inda 'yan ƙungiya suka san shi. Ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi. Ba zai ɗauki fasinja ba lokacin da kuke cikin wani wuri. Wannan sharaɗin ne aka fi karyawa: kun shiga fada, shi kuma ya ga awa guda za ta tafi a banza, sai ya ce bari ya kai wata Tudun Wada ya dawo, ku fito ku tarar da wayam. Maganinsa kada ku biya duka da safe. Kashi ɗaya cikin uku da farko, sauran in an sauke ku. Ku karɓi lambar wayarsa, ku rubuta lambar jikin keken, ku kuma sa shi cikin lissafin abincin rana. Kwanon shinkafa da wake ɗaya yana gyara zama fiye da doguwar magana.

Inda keke ya fi kowane abin hawa shi ne cikin birni. Motar shata ba ta shiga lungunan Kwarbai da Juma da Limancin Kona cikin sauƙi, acaɓa kuma yana raba ku, kowa da nasa kuɗin. Ku shigo ta Ƙofar Doka wajen ƙarfe 9, lokacin rana ta ɗan kori sanyi, ku miƙe zuwa fada. Zanen da ke fuskar ƙofar fadar Zazzau shi kaɗai ya isa a tsaya a ƙare masa kallo. Ku gai da dogarai, ku faɗi daga inda kuke da abin da ya kawo ku, ku nemi izini kafin ku ɗaga waya, inda aka ce a cire takalmi a cire. Sarkin yanzu, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, daga gidan Mallawa yake, ya hau a watan Oktoba na 2020 bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris wanda ya yi sarauta tun 1975. In kuka sami dattijo a ƙofar fada mai son hira, ku tambaye shi yadda sarauta take zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Abin da za ku ji a nan ya fi abin da direba zai iya gaya muku, ku kuma yi masa ɗan alheri in za ku tashi.

Wannan ya kawo mu ga babban raunin shatar keke: direba direba ne, ba masanin tarihi ba. Da yawa daga cikinsu ma ba 'yan birni ba ne, neman abinci ya kawo su daga ƙauyukan kewaye. Ya san Ƙofar Kuyambana a matsayin wurin sauke fasinja, amma in ba ku ce masa ya tsaya ba zai wuce ta da gudu. Don haka ku zo da jerinku a rubuce. Masallacin Juma'a na kusa da fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarim, yana cikin gine-ginen ƙasa da aka fi ambata a ƙasar Hausa saboda bakan gizon da ke ɗauke da rufinsa. A watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, daga nan aka shiga batun sake gina shi. Kada ku je da tsammanin ganin abin da ke cikin tsofaffin hotuna. Ganuwa ma haka: wurare da yawa ruwa da masu ɗibar ƙasa da gine-gine sun cinye ta, abin da ya rage tsibi-tsibi ne. Abin yana da ciwo ga duk mai son garin nan. Duk da haka ku sa direba ya bi da ku Ƙofar Kona da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, ku sauka ku taka da ƙafa, a nan ne ake gane faɗin birnin da ake danganta ganuwarsa da Sarauniya Amina.

Kada ku fita birni ba ku tsaya wajen masu ɗinkin hannu ba. A zaure ko gindin bishiya za ku gan su da babbar riga a cinya suna fitar da aska takwas zare bayan zare. Kallo kyauta ne in kun yi sallama. Hula ta fi dacewa da aljihun mai tafiyar tsimi.

Da rana ku fito Tudun Wada ku ci abinci, ya fi araha a kan wuraren cin abinci na wajen PZ a Sabon Gari. Daga nan a leƙa Gaskiya, inda aka riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, sai Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 ta dawo Zariya a 1949. Makaranta ce mai aiki, sai da izinin masu gadi ake shiga.

Wusasa da Kufena ku bar su sai bayan la'asar. A Wusasa akwai cocin Saint Bartholomew da aka gina a 1929 da ƙasa, ginin Hausa sak, kuma a garin ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ku nemi mai kula da wurin ya buɗe muku. Hanyar da ke zuwa gindin dutsen Kufena ta ƙasa ce, a nan ake gane keke mai lafiya. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar inji, sai ka ji keke yana shaƙewa a ɗan hawa kaɗan, yana shan mai fiye da ƙima. In ya fara haka ku sauka ku rage masa nauyi, kada ku bari direba ya yi ta murza shi. Ƙaya kuma tana fasa taya, mai faci yana nesa, dalilin duba safaya ke nan tun safe. Dutsen sulɓi gare shi, silifas ba ya riƙe shi, ku sa takalmi mai kama ƙasa, kowa da ruwansa aƙalla lita ɗaya, don busasshiyar iska tana sa ƙishi ba tare da gumi ba. Ku sani kuma ranar da hazo ya sauka sosai ba za ku hango birni daga sama ba, sai fari fat. Rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6 a wannan lokaci, ku fara saukowa da 5 da rabi, kada duhu ya same ku a can.

Samaru fa? A nan ne ba na ba da shawarar keke. Hanyar Sakkwato ce, ta manyan motoci da tireloli, kuma daga Kwangila zuwa ƙofar jami'a iska za ta yi ta dukanku har idanu su yi ja. Ga shi in kun isa, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a watan Oktoba na 1962, wuri ne na yawo da ƙafa: Laburaren Kashim Ibrahim, lambun sassaƙe-sassaƙe na sashen zane, inuwar bishiyoyi. Keken zai yi awa uku yana jira kuna biyan zaman banza. Ku ware wa Samaru rana ta biyu, ku hau bas na haya kamar kowa, kuɗinsa bai kai rabin na shata ba. Turunku kuwa, inda ake cewa nan ne mazaunin Bakwa, ɗaya daga cikin iyayen Amina, kafin a dawo Zariya, tana can cikin ƙaramar hukumar Igabi, tafiyar mota ce da rana tsaka tare da wanda ya san hanya.

Abin da za ku riƙe a jaka bai da yawa: rigar sanyi, hular sanyi ko rawani, takunkumi saboda ƙura, man shafawa mai kauri don leɓe da dunduniya, da tsabar kuɗi ƙanana. Direbobi da yawa suna karɓar tiransifa, amma sabis yakan yanke, mai rake da mai ƙosai kuma canji suke so. Lokacin rake ne, na Maƙarfi yana shigowa gari, karas da mazarƙwaila ma sun yi araha, su ne abin taɓawa a hanya. Mutum ɗaya ya riƙe asusun tafiya yana rubuta duk abin da ya fita, don rigimar abokan tafiya daga "wa ya biya na ɗazu" take farawa.

In direba ya cika alkawari, ya jira inda aka ce ya jira, ku ƙara masa wani abu a kan ciniki, ku kuma ajiye lambarsa. Da asubar ranar komawa, lokacin da titi babu kowa saboda sanyi, shi ne zai zo ƙofar masauki ya kai ku tasha da kayanku. Ku gaya masa ya zo minti 20 kafin lokaci, don injin keke ba ya son tashi da sanyin safe sai an ja cok an bar shi ya ɗumama.