Gargaɗi: mai tallan ƙwallon motsa jiki ya kusa karya mana Yaya

Jama'ar Katsina, musamman mata masu jiki da masu juna biyu, don Allah ku tsaya ku karanta. Akwai wani mutum da ke tallan ƙwallon motsa jiki, irin babbar nan ta roba da ake zama a kai, a WhatsApp da zaurukan saye da sayarwa na Facebook. Ba shi da shago. Sai an tura kuɗi sannan ya ba mai Napep ya kawo.

Yayata tana da jiki, kilo 118, tsayinta santimita 165. Ciwon baya ya sa ta gaba tun haihuwarta ta ƙarshe, sai mai gashin ƙashi a asibiti ya ba ta shawarar ta nemi ƙwallon, ya ce ta ɗauki mai faɗin santimita 65. Ni na haɗa ta da mutumin nan, abin da har yau yake ci mini rai ke nan. Muryarsa na nan a wayata yana cewa, "Hajiya, kada ki ji komai, kilo 500 take ɗauka, ko buhun masara biyar aka ɗora mata ba za ta yi gezau ba."

Da kaya suka iso gidanta a Ƙofar Ƙaura, a baƙar leda suke. Babu kwali, babu takarda, ko lambar girma babu a jikin robar, sai wari kamar na sabon silifa. Muka hura ta yi tauri, na gwada da tef ɗin tela, ko 55 ba ta kai ba. Na kira shi. Ya ce, "Ai ba ta ƙoshi ba ne, Malam, ku ƙara mata iska." Muka biye masa. Muka yi ta bugawa har shuɗin launinta ya koɗe, robar ta ɗau sheƙi, in ka haska tocila ta wannan gefe kana ganin hasken ta wancan.

Kwana na uku, bayan la'asar, Yaya ta zauna a kai a tsakar gida. Ƙarar da muka ji kamar taya ta fashe. Ta zube da ƙugu a kan siminti, ta tokare da hannu, wuyan hannun ya kumbura nan take. Allah ya taƙaita babu karaya, amma mako biyu a zaune take salla.

Nan ne damfarar take, kuma sai daga baya na gane. Ƙaramar ƙwallo mai siririyar roba yake saya da araha, ya sayar da sunan babba, ya bar maka aikin kumbura ta. Alhali girman ƙwallon nan daga masana'anta yake. Ana yin su 45, 55, 65 da 75, kuma da tsayin mutum ake fara zaɓe. Mai tsayin Yaya 55 kan ishe shi, amma mai nauyi yana lotsa ƙwallon sosai, shi ya sa ake ce masa ya hau mataki ɗaya. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: ka zauna, tafin ƙafa a shimfiɗe a ƙasa, ƙugu daidai da gwiwa ko ya ɗan fi ta tsawo. In gwiwarka ta haura ƙugu, ta yi maka kaɗan, kuma ƙarin iska ba zai gyara ba, sai dai ya ƙara wa robar siranta. Ko a Amurka, a 2009, sai da hukumar kare masu sayen kaya ta sa aka janye irin waɗannan ƙwallaye kusan miliyan uku saboda suna fashewa in an cika musu iska, balle wadda ko sunan kamfani ba ta da shi.

Batun kilo 500 ma akwai lauje cikin naɗi. Kamfanonin kirki lamba biyu suke rubutawa. Ɗaya nauyin da ƙwallon ke ɗauka in an ɗora abu ba motsi. Ɗayar, wadda ta fi ƙanƙanta, ita ce nauyin da in wani abu ya huda ta kana kai za ta sace a hankali maimakon ta tarwatse. A kwali za ka ga an rubuta "anti-burst". Mai jiki wannan ta biyun ce tasa, kuma ya nemi wadda ta zarce nauyinsa da rata mai yawa, don wanda ke motsi a kai ya fi na zaune danna ta. In mai kaya ya kasa nuna maka lambar a kwali, ka riƙe kuɗinka.

Ko ta gari ka samu, ranar farko kada ka cika ta, ka bari ta kwana robar ta saki. Ka yi alama a bango daidai girman da aka rubuta, kada iska ta wuce nan. Kada kuma a bar ta a rana, kun dai san zafin Katsina a watan Afrilu.

Da na tura masa hoton hannun Yaya, ya toshe lambata. Shekaranjiya wata ƙanwarmu ta nuno mini tallarsa a wani zauren mata. Ya canza suna, amma hoton nan ne dai na shuɗiyar ƙwallo kusa da farar kujera, kuma yanzu "ƙwallon naƙuda" yake kiranta, yana cewa girma ɗaya ya ishi kowace mai ciki. Duk wadda ta riga ta saya, ina roƙonta da girman Allah ta sace iskar yau, kada ta sake zama a kai.