Ɗakin cin abinci na masaukin YMCA na ɗaliban Indiya a Landan

Na ci abincin rana sau uku a masaukin ɗaliban Indiya na ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA, wanda ke lamba 41 a dandalin Fitzroy, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Warren Street. Mutum yana ɗaukar faranti ya bi layi, a zuba masa shinkafa da miyar wake irin ta Indiya da ganye ko kifi, ya biya kuɗin da bai kai na yawancin gidajen abincin unguwar ba, sannan ya zauna a teburi ɗaya da ɗalibai da ma'aikatan ofis. Miyar tana da kayan ƙamshi da yaji daidai, an kuma dafa ta irin ta gida.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wurin ya riƙe manufar da aka kafa ƙungiyar a kanta. George Williams ɗan manomi ne daga yankin Somerset na Ingila wanda ya zo Landan yana aiki a kantin yadi, a lokacin da samarin kantuna ke wuni a tsaye, su kwana a cunkushe a saman shagon maigidansu, ba su da wurin hutawa sai mashaya. A ranar 6 ga Yuni 1844 shi da abokansa goma sha ɗaya suka kafa YMCA domin addu'a da karatun Baibul, daga baya aka ƙara ɗakunan karatu da laccoci da wuraren kwana. Masaukin Indiyawan kuwa an buɗe shi a 1920, ya koma titin Gower, bam ya faɗa masa a 1940, sannan aka buɗe wannan ginin a 1953. Duk wanda ya san yadda fatoma yake karɓar fatake a zango, ya ba su ɗaki da abinci, zai gane irin buƙatar da gidan yake biya wa baƙon da ya sauka babban birni ba shi da kowa.

Ƙungiyar ta Kirista ce, amma ɗakin a buɗe yake ga kowa, kuma ba wanda ya tambaye ni addinina. Musulmin da yake son kwanciyar hankali game da nama zai iya zaɓar kifi ko kayan lambu, kamar yadda na yi. Ana ba da abinci ne a ƙayyadaddun sa'o'i, don haka ya kamata a duba lokacin kafin a tafi.