Wane keke ya dace da yawon ayari a cikin gari?

Wanda bai taɓa shiga ayarin masu keke ba yakan ɗauka gudu ake zubawa. Ina! Ayarin masu keke da ake kira Critical Mass, da aka fara a birnin San Francisco na Amurka a 1992, ake kuma fita Juma'ar ƙarshen wata, tafiya ce a hankali, kafaɗa da kafaɗa, ana hira. Haka shirin Ciclovía na Bogotá, babban birnin Colombia, inda ake hana motoci bin manyan tituna duk Lahadi daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana. To kafin ka zaro kuɗi, tambayi kanka: idan na gabana ya matse birki ba zato, wane keke ne zai tsaya da ni?

Keken tsere shi ido ke fara so. Ba shi da nauyi, kilo 8 zuwa 10, tayarsa siririya, milimita 25 zuwa 28. Matsalarsa lanƙwasasshen hannun nan da ke sa ka duƙa, kana kallon tayar na gabanka maimakon titi. Na taɓa ganin irin wannan tayar ta faɗa tsagar murfin kwata, mai keken ya kife, mutum biyu suka hau kansa. Allah ya sa gwiwoyi kawai aka kurje.

Keken hawan duwatsu rami ba ya damunsa, amma ƙusoshin tayarsa gurnani suke yi a kwalta, bayan awa biyu cinyarka za ta gaya maka.

Ni dai na tsaka-tsakin, wanda ake kira haibirid, nake ba da shawara. Hannunsa miƙaƙƙe ne, za ka zauna kai a sama kana hango mutum biyar gabanka da hannun da aka ɗaga don a tsaya. Taya mai milimita 32 zuwa 40 tana shanye ƙananan ramuka ba tare da ta gajiyar da kai ba. A nan ne ya kamata ka tsananta bincike kan birki. Mai robar da ke matse rim ya fi sauƙin gyara, sai dai in aka yi ruwa yakan yi jinkirin kamawa. Na faifai bai damu da ruwa ba, mai aiki da mai kuwa yatsa biyu sun ishe shi, amma ranar da ya lalace sai ka nemi bakanike. Ko da hakan, shi zan ɗauka.

Keke mai naɗewa irin na kamfanin Brompton yana da daɗi in sai ka hau jirgin ƙasa kafin ka isa mahaɗa, amma tayarsa inci 16 ce, kowane rami sai ka ji shi a ƙashin baya. Mai giya ɗaya kuma sai garin da babu tudu.

Ka ware kuɗin hular kwano, ƙararrawa da fitila, fara a gaba, ja a baya. Ta bayan kada ka bar ta tana walƙiya a cikin ayari, tana kashe wa na bayanka ido.