Giyar inabi a Afirka: Aljeriya ko Afirka ta Kudu?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace ce ta fi tarihi a harkar giyar inabi tsakanin Aljeriya da Afirka ta Kudu. Idan girma kake nufi, Aljeriya ta taɓa shiga gaban kowa. Idan ɗorewa ce, sai Afirka ta Kudu.

A Afirka ta Kudu, Jan van Riebeeck, wakilin kamfanin 'yan Holan, ya fara matse inabi a yankin Cape, kudu maso yammacin ƙasar, a 1659. A 1685 aka kafa gonar Constantia, wadda giyarta mai zaƙi ta yi suna a Turai, sannan Faransawan da suka gudo daga tsangwamar addini suka iso a 1688. Inabin da aka fi shukawa shi ne Chenin Blanc, na farar giya. Suna kuma da nasu iri, Pinotage, da Abraham Perold ya samar ta hanyar aurar da irin inabi biyu, Pinot Noir da Cinsaut.

Aljeriya kuwa an noma inabi a cikinta tun zamanin Rumawa, amma sana'ar ta zamani 'yar mulkin mallaka ce. Da ƙwaron filoksera ya cinye saiwar inabin Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, Turawan da suka zauna a ƙasar suka cika yankunan Oran, Maskara da Tilimsan da inabi irin Carignan da Cinsaut. Jar giya mai ƙarfi suke yi, a kai Faransa a gauraya da tasu mai rauni. Kafin 'yancin kai a 1962 babu ƙasar da ta kai Aljeriya fitar da giyar inabi a duniya, alhali yawancin 'yan ƙasar Musulmi ne, ba sa sha. Abin da ya fi damuna ke nan: ƙasar noma mai albarka, an ƙwace ta daga hannun masu ita, ana noma wa wasu abin sha. Da aka samu 'yanci Faransa ta rage saye, kasuwa ta faɗi, Shugaba Boumediene ya sa aka tuge gonaki masu yawa a shekarun 1970.

Ita ma Cape ba ta tsira daga zalunci ba. Bayi ne suka fara aikin gonakinta, cikinsu har da kakannin Musulmin Cape na yau. Bayan bauta kuma aka ci gaba da biyan ma'aikata wani ɓangare na ladansu da giya, al'adar da ta jefa iyalai da dama cikin shaye-shaye, kuma ba ta gushe ba sai wajen shekarun 1990.