Famfo biyu a ƙasan jirgina: abin da na gani bayan na yi amfani da su

Lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwalin famfon kwashe ruwan jirgi ita ce ta fi jan hankalin mai saye, kuma ita ce ta fi ruɗarsa. Za ka ga an rubuta galan 500, ko 1100, ko 2000 a awa ɗaya. Ba ƙarya aka yi ba, amma an auna ne ruwan yana fita kai tsaye daga bakin famfon, babu tiyo, babu hawa sama, batir kuma a cike. A cikin jirgi kuwa sai ruwan ya hau daga can ƙasa zuwa mafitarsa a gefen jirgi, ya bi lanƙwasar tiyo, wutar ma ta ragu a hanya. Don haka abin da ke fita a zahiri ba ya kai abin da ke kwali, wani lokacin ma da nisa.

Jirgina ƙarami ne na shaƙatawa, injinsa a ciki yake, wutarsa bolt 12. Na sa masa famfo biyu. Ƙaramin mai galan 500 yana can wurin da ya fi ko'ina zurfi, aikinsa kwashe ruwan sama da ɗan abin da ke ɗiga ta wajen sandar farfela. Babban kuwa ƙirar kamfanin Rule ne mai galan 2000, wato kimanin lita 7,570 a takarda, na ɗora shi a kan wani ɗan dandamali sama da ƙaramin. Yawancin lokaci a bushe yake zaune. Dama abin da nake so ke nan: kada datti da mai su riƙa cin sa kullum, ya zama lafiyarsa ƙalau ranar da za a neme shi.

Me ya sa ba a sayi babba ɗaya a huta ba? Saboda duk lokacin da famfo ya tsaya, ruwan da ke cikin tiyo gangarowa yake ya dawo. Tiyon babban famfo faɗinsa inci ɗaya da ɗan ɗoriya, ruwan da yake riƙewa da yawa ne. A ƙaramin ramin da ruwa ke taruwa a ƙasan jirgi, wannan ruwan kaɗai ya isa ya sake ɗaga makunnin da ke tasowa da ruwa yana kunna famfo, famfo ya tashi, ya tsaya, ya sake tashi, har batir ya ƙare. Tiyon ƙaramin siriri ne, abin da ke dawowa bai taka kara ya karya ba.

Kada kuma wani ya ɗauka galan 2000 ya yi yawa. Idan rami mai faɗin inci ɗaya ya buɗe kamar santimita 60 ƙasa da saman ruwa, misali tiyon sanyaya inji ya fice daga bakinsa, ruwan da zai shigo zai kai tsakanin lita 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Famfon galan 500, ko a takarda, bai wuce lita 32 a minti ba. Babban ma lokaci kawai yake saya maka ka nemo ramin ka toshe.

Na gamsu da babban famfon. Na gwada shi ta hanyar cika ƙasan jirgin da ruwa da gangan, ya kwashe ba tare da gardama ba, ƙarar sa ma ba ta da damuwa. Matatar da ke gindinsa tana ɓallewa da hannu, ka wanke ka mayar, ba ka buƙatar sukuddireba. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne irin waɗannan famfunan masu farfela ba sa tsotso. Dole su zauna cikin ruwa, kuma kullum suna barin ɗan ruwa a ƙasa. Wanda ke son ƙasan jirginsa ya bushe ƙarau sai ya nemi famfo mai tantanin roba, wanda ake kafewa a sama a zura masa tiyo. Shi yana tsotsa sosai, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne kuma ɗan datti kan hana bawul ɗinsa rufewa.

Inda na fi daɗewa shi ne wayoyi, domin a nan ne yawancin famfuna ke mutuwa alhali su kansu lafiyarsu lau. Babban yana jan kusan amfiya 8. Idan tsakaninsa da batir mita 5 ne, tafiyar wuta mita 10 ce, zuwa da dawowa, kuma mutane da yawa dawowar suke mantawa. Waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 za ta cinye kusan bolt ɗaya a wannan nisan. Mai kaurin 6 kuwa kamar rubu'in bolt za ta ci. Shawarar da ake bayarwa ga na'urorin da rai ya dogara da su ita ce kada ragin ya wuce kashi 3 cikin ɗari, wato bolt 0.36. Na sa mai kauri, irin wadda aka lulluɓe silin tagullarta da kuza. Wayar mota ta yau da kullum tana yin baƙi daga ciki a wurin danshi, kana ganin robarta fes amma wuta ba ta wucewa yadda ya kamata.

Duk wani haɗi na ɗaga shi sama da inda ruwa zai iya kaiwa, na matse da irin mahaɗin nan mai roba da ke tsukewa idan an hura masa zafi, mai gam a ciki. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya aiki a ƙasan jirgi, ko wata guda ba lallai ya kai ba. A lura kuma da launin wayoyin famfon: mai launin ruwan ƙasa ita ce mai wuta, baƙa ita ce ta dawowa. Idan aka juya su famfon zai yi ƙara kamar yana aiki, amma farfelarsa baya take juyawa, ruwan da zai fito ɗan kaɗan ne.

Layin da ke tayar da famfo da kansa na ɗauko shi kai tsaye daga batir, bai bi ta babban makunnin jirgi ba, domin lokacin da aka kashe komai aka tafi gida shi ne lokacin da aka fi buƙatarsa. Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa a Amurka, ta ce a sa fiyus kusa da tushen wuta, cikin inci 7, kuma na bi. Kowane famfo da nasa fiyus, daidai girman da kamfanin ya rubuta. Wasu kan sa babba wai don kada ya riƙa ƙonewa. Haɗarin shi ne idan wani tsinke ya maƙale farfela, fiyus ɗin ba zai yanke ba, motar famfon ta yi ta zafi har robar ta narke.

Makunnin da ke tasowa da ruwa shi ne raunin tsarin duka. Wanda na tarar a jirgin yakan maƙale, wani lokaci a sama, wani lokaci a ƙasa, sai na canja shi da mai murfi. Na taɓa gwada wani famfon da ba shi da irin wannan makunni, wanda ke juyawa da kansa bayan 'yan mintoci don ya ji ko akwai ruwa. Dabarar ta burge ni, amma ga mai kwana a jirgi wannan zuuu ɗin cikin dare abin haushi ne, ga shi yana ɗan lasar batir ba dare ba rana. Masu na'urar jin ruwa ba su da abin maƙalewa, sai dai suna son a riƙa goge musu maiƙo.

Tiyo kuwa mai santsin ciki na sa, ba mai gurgura ba, gajere gwargwadon iko. Ban sa bawul mai hana ruwa dawowa a layin babban ba, domin yana rage ƙarfi kuma yana iya maƙalewa. Na dai ɗaga tiyon sama sosai kafin ya sauko mafita, don kada ruwan waje ya biyo shi ciki idan jirgi ya karkata.

Na haɗa ƙararrawa a makunnin babban famfon, yadda da zarar ya tashi zan ji, don ƙarar inji kan danne ƙarar famfo. Akwai kuma famfon hannu kusa da sitiyari, tun da batir na cikin abubuwan da ruwa ke fara kashewa idan ya yi yawa. Abin da ya rage min in ƙara shi ne ɗan agogon da ke ƙirga sau nawa ƙaramin ya tashi ba na nan, domin famfo mai ƙwazo yana iya ɓoye yoyon da ke ƙaruwa a hankali.